Yadda Manyan Kwamfutoci Ke Aika Wa Junansu Aiki

Darasin wannan mako a kan wata irin kwamfuta ce da ba a samun ta a ɗakin kwamfuta na makaranta, ko a shagon buga takardu. Sunanta menfirem, amma a nan za mu riƙa ce mata babbar kwamfuta. Irin ta zamanin yanzu tsayinta da faɗinta kamar na babban firij ne. Ana ajiye ta a ɗaki mai sanyi, kuma tana aiki dare da rana. Manyan bankunan duniya da kamfanonin inshora da na jiragen sama da wasu ma'aikatun gwamnati su ne ke amfani da ita, domin tana iya riƙe lissafin miliyoyin mutane. Kamfanin IBM na Amurka shi ne ya fi shahara wajen ƙera ta. A ranar 7 ga Afrilu, 1964 ya fito da System/360, kuma z16 da ya fitar a 2022 jikarta ce.

Sai dai komai girmanta ba ta zama ita kaɗai. A kewayenta akwai ƙananan kwamfutoci da ake kira saba, waɗanda galibi ke amfani da Linux ko Windows, su ne ke kula da shafin intanet da manhajar waya da firinta. Dole ne su riƙa miƙa wa juna abubuwa uku: aiki, da fayil, da sakamakon da za a buga a takarda. To, a wurin miƙawar nan ne ake samun matsala, kuma matsalar tana iya taɓa kuɗin mutane.

Mene ne aiki?

Duk wanda aka taɓa aike wurin mai injin niƙa ya san tsarin. Ka ajiye kwanonka a layi, ka faɗa masa gari kake so ko tsaki, ka tafi abinka. Idan layi ya zo kanka ya niƙa, ka dawo ka ɗauka. Haka babbar kwamfuta ke yin yawancin manyan ayyukanta, kamar lissafin albashi ko na kuɗin ruwan banki. Ba a zama a gabanta ana danne-danne. Ana rubuta mata takardar umarni ne, a sa a layi, ta yi idan lokacinsa ya yi, sau da yawa cikin dare. Wannan takardar umarnin da abin da ta ƙunsa shi ake kira aiki.

Harshen da ake rubuta umarnin da shi sunansa JCL. Manyan kalmominsa uku ne. JOB tana faɗin sunan aikin da mai shi. EXEC tana faɗin manhajar da za a tayar. DD tana faɗin fayil ɗin da za a karanta da inda za a zuba sakamako. Layukan suna farawa da sanda biyu a karkace, kamar haka: //ALBASHI JOB. Sunan aiki ba ya wuce harafi 8.

A da, a kan kati ake huda wannan umarni. Katin IBM, wanda aka fito da shi a 1928, yana da gurbin harafi 80, kuma layi ɗaya na umarni kati ɗaya ne. Kwali guda yana cin kati 2,000. Idan tarin kati ya suɓuce wa mutum ya watse a ƙasa, ya shiga uku, shi ya sa ake keɓe gurbi na 73 zuwa 80 don lambar jeri, wasu kuma su ja layi a karkace da alƙalami a gefen tarin, don a gane katin da ya bar wurinsa. An daina amfani da katin tuntuni, amma har yau layin JCL harafi 80 ne. Wato kwamfutar zamani tana auna layinta da faɗin katin da aka yanka tun kakanninmu ba su zo duniya ba.

Rumbun jira

Kwamfuta tana da sauri, firinta ba ta da shi. IBM 1403, firintar da aka fito da ita a 1959, tana buga layi 600 a minti ɗaya. A wurinmu wannan gudu ne sosai, amma a wurin kwamfuta tafiyar hawainiya ce. Da za ta tsaya jiran firinta, da yawancin lokacinta a zaune za ta ƙare shi. Sai aka yi dabara: duk aikin da ya shigo a fara zuba shi a wani rumbu a kan faifan ajiya, duk sakamakon da ya fito shi ma a zuba shi can. Firinta ta riƙa ɗiba daga rumbun a hankali, kwamfuta kuwa ta wuce aiki na gaba.

Manhajar da ta yi suna wajen kula da wannan rumbu ita ce HASP. Ma'aikatan IBM ne suka rubuta ta a shekarun 1960 a cibiyar NASA da ke birnin Hustan, lokacin da ake shirin tura mutum duniyar wata. Daga baya aka gyara ta, ta koma JES2, wadda manyan kwamfutocin IBM ke aiki da ita har yanzu. Alamar asalinta ba ta ɓace ba, domin da yawa daga cikin saƙonnin da JES2 ke nuna wa mai kula da kwamfuta suna farawa da kalmar HASP.

Da aka samu rumbu sai aika aiki daga nesa ya zo da sauƙi. Reshen kamfani da ke wani gari ya sayi na'urar karanta kati da firinta, ya haɗa su da babbar kwamfuta ta layin tarho. A zuba kati a can, aiki ya faɗa rumbu a nan, sakamako ya koma can ya fito a takarda. Wannan shi ne RJE. Mataki na gaba shi ne NJE, inda manyan kwamfutoci biyu ko fiye ke haɗa rumbunansu. A nan babu uwar gida babu 'yar aiki, kowace tana iya aika wa 'yar uwarta. Abu huɗu ke bi ta wannan hanya: aiki, da sakamako, da umarni, da gajeren saƙo. Kowace kwamfuta a cikin tsarin ana ɗaukar ta a matsayin tasha, tana da suna wanda bai wuce harafi 8 ba. Mutum yana iya rubuta aiki a tasha ta farko, ya ce a yi shi a ta biyu, a buga sakamakon a ta uku.

Abin da ya fi burge ni a NJE shi ne yadda take riƙon amana. Idan babu layi kai tsaye tsakanin mai aikawa da mai karɓa, fayil yana bin tasha-tasha, kamar saƙon da ake ba direba ya kai wani gari, can kuma a damƙa wa wani direban. Kowace tasha sai ta karɓi fayil ɗin gaba ɗaya ta adana a rumbunta kafin ta tura gaba. Wadda ta aiko kuma ba ta share nata kwafin sai ta gaba ta tabbatar mata cewa ya iso cif. Idan layi ya yanke a tsakiya, fayil bai ɓace ba, yana nan zaune yana jiran layi ya dawo. A gaban kowane aiki akwai bayanin wanda ya aiko da inda za shi, kamar rubutun bayan ambulan.

Da wannan tsari aka gina BITNET a 1981. Ira Fuchs na Jami'ar Birnin Niyok da Greydon Freeman na Jami'ar Yale su suka fara haɗa kwamfutocin jami'o'insu. Sharaɗin shiga mai sauƙi ne: ka yi hayar layin tarho zuwa wata tasha da ta riga ta shiga, kai ma ka yarda wani ya jona daga wurinka kyauta. Haka ta yi ta yaɗuwa har ta haɗu da takwarorinta, EARN a Turai da NetNorth a Kanada, tashoshinta suka kai wajen 3,000 kafin intanet ta zo ta shafe ta.

Gudun layukanta na farko bit 9,600 ne a daƙiƙa. Mu yi lissafi. Harafi ɗaya bit 8 ne, saboda haka harafi 1,200 ke wucewa a daƙiƙa. Shafin firinta yana cin layi 66, kowane layi harafi 133, jimla 8,778. Shafi ɗaya cike taf zai ci daƙiƙa 7 da ɗan wani abu, rahoto mai shafi 1,000 kuma zai ci awa biyu. Don a rage wannan, NJE takan matse abin da ya maimaitu. Maimakon ta aika fili 50 a jere, sai ta aika 'yar alama mai cewa a sa fili sau 50.

Harshe biyu

Nan ne wurin da ya kamata a karanta a tsanake. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi an ba shi lamba, kuma jadawalin lambobin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Babbar kwamfutar IBM tana bin jadawalin EBCDIC. Saba da wayoyinmu kuwa sun taso ne a kan ASCII, wanda Unicode ta faɗaɗa daga baya.

A ASCII, babban A lambarsa 65. A EBCDIC lambarsa 193. Sifili a ASCII 48 ne, a EBCDIC 240. Filin da ake bari tsakanin kalmomi a ASCII 32 ne, a EBCDIC 64. To 64 ɗin nan a ASCII ita ce alamar @ da muke gani a adireshin imel. Shi ya sa idan aka kwaso fayil daga babbar kwamfuta aka buɗe a saba ba tare da fassara ba, sai a ga shafi cike da @@@@@ da wasu baƙin alamomi. Fayil ɗin lafiyarsa lau, da jadawalin da ba nasa ba aka karanta shi.

Haruffan EBCDIC ma ba a jere suke ba. A zuwa I suna kan 193 zuwa 201. Sai a yi tsalle, J zuwa R su hau 209 zuwa 217. A sake tsalle, S zuwa Z su hau 226 zuwa 233. Dalilin yana ga kati. Katin yana da sahu 12 daga sama zuwa ƙasa, kuma ana rubuta harafi da huda biyu, ɗaya a cikin sahu uku na sama, ɗaya a cikin na ƙasa. Da haka haruffa suka rabu gida uku, EBCDIC kuma ta gaji rabon.

Wannan bambanci yana shafar jeri. A ASCII lambobi ne ke fara zuwa, sai manyan haruffa, sai ƙanana. A EBCDIC ƙananan haruffa ne farko, sai manya, lambobi a ƙarshe. Idan babbar kwamfuta ta jera rajista mai A1 da 1A, za ta sa A1 a gaba. Saba kuwa 1A za ta sa a gaba. Manhajar da ke kwatanta rajista biyu layi bayan layi tana iya cewa wani suna babu shi alhali yana nan, wurin zamansa ne ya canja.

Mu masu rubutu da Hausa muna da namu ƙarin. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, babu su a ASCII, babu su kuma a jadawalin EBCDIC da aka saba amfani da shi a Amurka. Unicode ce ta ba su lamba. Idan suna mai irin wannan harafi ya bi ta tsarin da bai san Unicode ba, yana iya fitowa da alamar tambaya ko wani tarkace a wurin harafin.

Sai wani ya ce, ai sai a fassara kowane fayil a huta. A nan tarkon yake. Hanyar FTP, wadda aka fara tsarawa a 1971, tana da salo biyu da aka fi amfani da su. A salon rubutu tana fassara kowane harafi daga wannan jadawali zuwa wancan. A ɗaya salon kuma tana kwashe fayil yadda yake, ba ta taɓa komai. Wasiƙa ko jerin sunaye, salon rubutu ya dace da su. Amma fayil ɗin lissafi yawanci gauraye yake: suna a rubuce da haruffa, kuɗi kuma a dunƙule.

Ga yadda dunƙulewar take. Bayit ɗaya bit 8 ne, ana iya raba shi gida biyu, kowane gida ya ɗauki lamba guda daga 0 zuwa 9. Manhajojin COBOL, harshen da aka ƙirƙiro a 1959 wanda bankuna ke ji da shi har yau, sukan adana kuɗi ta wannan hanya don tsimin wuri, su sa C a gidan ƙarshe idan kuɗin na shiga ne, ko D idan na fita ne. A ce albashin wani ma'aikaci naira 40,000 ne. A dunƙule zai zama bayit uku: 40 00 0C.

Yanzu a ce an tura fayil ɗin a salon rubutu. Mai fassara bai san kuɗi ba ne, kowane bayit harafi yake ɗaukarsa. Bayit na farko yana da 4 a gidan hagu, 0 a gidan dama. Gidan hagu ana ninka shi sau 16, to 4 sau 16 ya ba da 64, wato fili a EBCDIC. Sai ya mayar da shi filin ASCII, wato 32, wanda shi ne 2 sau 16, a rubuce 20. Bayit na biyu, 00, ɗaya yake a jadawalin biyu, sai ya bar shi. Na uku, 0C, alamar sabon shafi ce a duka biyun, shi ma ya bar shi. Abin da ya isa can shi ne 20 00 0C. Albashin ya koma naira 20,000. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, domin 20,000 ma lamba ce mai kyau, manhaja za ta karɓe ta hannu bibbiyu. Wasu lambobin kan lalace gaba ɗaya har manhaja ta tsaya ta yi ƙorafi, kuma ni a ganina wannan ya fi sauƙi, tunda an san akwai ɓarna. Wadda ta canja shiru ita ce abin tsoro, don sai ƙarshen wata mai iyali zai gane, lokacin da ya riga ya ci bashi a kan dubu arba'in.

Maganin iri biyu ne. Ko dai a warware kuɗin ya koma lambobi na rubutu tun a babbar kwamfuta kafin a aika, ko a kwashe fayil ɗin yadda yake, a can wata manhaja da ta san tsarin layin ta fassara gurbin suna ta ƙyale gurbin kuɗi. Masu hankali kuma sukan ƙara layi ɗaya a ƙarshen fayil mai faɗin yawan layuka da jimlar kuɗin duka. Mai karɓa ya sake tarawa da kansa. Idan jimla ba ta zo ɗaya ba, ba a biyan kowa sai an bincika.

Akwai sauran ƙananan bambance-bambance. A saba, alama ce ke nuna ƙarshen layi. A babbar kwamfuta, fayiloli da yawa ba su da wannan alama, an dai san kowane layi tsawonsa kaza ne, kamar 80. Idan aka kwaso ba a faɗi tsawon ba, sai duk fayil ɗin ya zo a layi ɗaya miƙaƙƙe. Sunan fayil kuma ba ya wuce harafi 44, a yanka shi gunduwa-gunduwa da ɗigo, kowace gunduwa kada ta wuce 8.

Zuwa takarda

Na ce layin firinta harafi 133 ne, alhali IBM 1403 gurbi 132 take bugawa. Ina ɗayan? Harafin farko na kowane layi ba na bugawa ba ne, umarni ne ga firinta. Idan fili ne, ta sauka layi ɗaya ta buga. Idan 0 ne, ta sauka biyu. Idan alamar ɗebewa ce, uku. Idan 1 ne, ta tafi sabon shafi. Idan alamar tarawa ce, kada ta motsa, ta buga a kan layin da ta riga ta buga, da haka ake ja wa kalma layi a ƙasa ko a ƙara mata kauri. Firintar ofis ta yau ba ta san wannan yare ba. Idan aka ba ta rahoton yadda yake, za ta buga 1 da 0 ɗin a bakin layi kamar suna cikin lissafi, shafuka kuma su cakuɗe. Don haka akwai manhajoji a tsakani da ke karanta harafin farkon, su cire shi, su shirya shafi, sannan su miƙa wa firinta, sau da yawa ta hanyar LPD mai amfani da ƙofa ta 515, ko su mayar da rahoton PDF a adana ba tare da an taɓa takarda ba.

A yau layukan tarho na haya sun ja baya. NJE kanta tana bi ta hanyar TCP/IP irin ta intanet, ta ƙofa ta 175, kuma akwai manhajojin da ke sa saba ta shiga tsarin a matsayin tasha kamar kowace babbar kwamfuta. Saba tana iya tura takardar JCL ta FTP kai tsaye cikin rumbun JES2, ta dawo daga baya ta ɗauki sakamako. Sai dai tsohuwar FTP tana aika kalmar sirri a fili, duk wanda ya laɓe a hanya zai iya karantawa. Saboda haka wuraren da ke hulɗa da kuɗi sun koma ga hanyoyi masu kulle saƙo kamar SFTP, ko manhajoji irin su Connect:Direct, wadda idan layi ya yanke takan ci gaba daga inda ta tsaya maimakon ta koma farko.

Gwajin mako

Ga saƙo daga babbar kwamfuta, ba a fassara shi ba. Duk abin da ake bukata don warware shi yana cikin sashen Harshe biyu.

226 193 213 213 228 64 196 193 64 193 201 210 201

Tambaya ta biyu, ta 'yan aji uku ce: idan kuɗin da aka dunƙule naira 400 ne, a bayit uku 00 40 0C, nawa zai koma bayan an tura shi a salon rubutu? A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a ba kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a allon mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.